Maigidana Ya Soke Layin Faci a Takardar Tiyata

Anti Hindu, don Allah ki taimake ni da shawara, kwana tara suka rage mini. Ina Guangzhou a ƙasar Sin tare da maigidana Abdulgani, yana sayen kaya a kasuwar tufafi ta Shisanhang yana turawa Kano. Cikina sati ashirin da huɗu da kwana biyar. Hoton ciki ya nuna ƙashin bayan 'yar da nake ɗauke da ita bai rufe ba, lakarta a buɗe take. Likitar ta ce za a iya yi mata tiyata tun tana cikina, amma kafin sati ashirin da shida.

Ta zana mana yadda ake rufe fatar. In ramin ƙarami ne, a jawo fatar gefe da gefe a ɗinke. In yana da faɗi, a sa faci, fatar ta tsiro a kansa. Tafintan da ke fassara mana yana furta faci na ga fuskar Abdulgani ta canza. Mutumin nan tela ne kafin ya shiga fatauci, ko rigar samfur aka kawo masa sai ya juya cikinta ya duba ɗinki. Ya zaro jan biron da yake soke kayan kamfani da shi, ya ja layi a kan wurin da aka rubuta faci a takardar amincewa da tiyatar, ya ce shi 'yarsa ɗinki ɗaya za a yi mata. Daga baya wani abokinsa ya ƙara masa da cewa wai da fatar alade ake yin facin.

Likitar ta ce ba za ta buɗe ni hannunta a ɗaure ba, don sai ta gani da ido za ta san ko fatar za ta kai. Ta ba mu sabuwar takarda, tana nan cikin jakata. Anti, tsoro nake ji. Ba mugu ba ne, na ga hawayensa. Amma ko na ɗauko maganar sai ya ce ba ya son aikin rabi da rabi. In yarinyar ta motsa sai in sake ƙirga kwanakin.

Mai jiran sa hannu

'Yata, na ji tsoronki, na kuma fahimci nasa. Ni ba likita ba ce, amma ga abin da na gani.

Maigidanki ya auna jikin mutum da yadi. A riga faci aibi ne. A nan kuwa, fatar da aka ja da ƙarfi tana iya ɓallewa, ruwan laka ya riƙa yoyo. Ai shi ma ya san abin da ke faruwa in aka matse ɗinki a yadin da bai isa ba. Ki ce masa hakan, cikin lallashi.

Maganar alade kuwa tambaya ce mai kyau, abokinsa ne dai ba wurin tambaya ba. Faci iri-iri ne. Ku koma gobe da tafinta, likitar ta rubuta muku da me aka yi nata, da ko akwai wani. In babu, ku kai wa malamin da ya yarda da shi, ku tambayi hukuncin larura.

Ke ma ki yi naki tambayoyin. Mahaifarki za a taɓa, akwai haɗarin haihuwa kafin lokaci, kuma ba a ce tiyatar za ta gyara komai ba. In kuka zaɓi a yi wa yarinyar aikin bayan haihuwa, hanya ce, ba laifi ba ne. Abin da ba na so shi ne kwanakin nan su ƙare kuna shiru, su yanke muku hukunci. Ki gaya masa ƙarara: jikinki za a yanka, bayan 'yarku za a rufe, kuma kina son a bar wa likitar hannunta biyu.

Allah Ya sauke ki lafiya, Ya nuna muku ranar da za ku goya ta.

Anti Hindu