Autata Ta Tare a Falona Sai Na Koma Asibiti

Don Allah a taimaka mini da shawara, domin a gidan nan babu sauran mai jin maganata.

Ni dattijo ne, na yi ritaya daga aikin duba makarantu. Na yi karatu lokacin da karatu ke da daraja, yau kuwa jikoki ne ke koya mini riƙe waya. Watannin baya ina jawo akwatin littattafaina daga ƙarƙashin gado sai na ji abu ya soke ni a ƙirji. Na shafa man zafi na yi gum, don na san asibiti. A can na rasa uwar 'ya'yana, a kan benci, tana jiran layi. Na kusa mako ina haki kafin autata ta zo ta tarar ko banɗaki ba na kaiwa sai na huta. Ta saka ni a mota kamar buhu.

A asibiti likitoci suka ce huhuna na dama ya motse, iska ta taru a ƙirji ta danne shi. Suka huda gefen haƙarƙarina suka zura roba. Na ji sauƙi har na fara tsokanar ma'aikaciyar jinya. Ba a jima ba tari ya turnuƙe ni, kumfa na fita ta bakina, ina nutsewa a kan busasshen gado. Wai da huhun ya buɗe ne ruwa ya cika shi. Na yi kwanaki da abin numfashi a fuska, ina jin kukan auta a bayan labule.

Yanzu na dawo gida, amma likita ya ce huhun zai iya sake motsewa, gara a yi mini aiki a manne shi. Na ce an gode. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

To, yarinyar nan ta kwaso jakarta ta tare a falona, ta ce ba za ta koma ɗakinta ba sai na yarda. Yaranta suna wajen surukarta. Mijinta kan zo da yamma ya gaishe ni, ya ɗosana a bakin kujera, shirunsa ya fi zagi ciwo. Na yi faɗa, ta ce taurin kan a wajena ta gada. Ni ba zan koma ba, kuma ba na so aurenta ya mutu a kaina. Yaya zan yi ta tafi?

Tsoho mai huhu ɗaya da rabi

AMSA

Baba, sannu da jiki, Allah ya jiƙan Mama. Tsoronka ba na banza ba ne. Wanda ya ji abin da ka ji ba a ce masa ya manta.

Amma a yi wa likitocin adalci. Taruwar ruwan nan matsala ce da aka sani, kuma ta fi samun huhun da ya daɗe a motse kafin a buɗe shi. Makon da ka yi kana shafa mai yana cikin lissafi. Idan huhun ya sake motsewa kana gida, hanyar da kake gudu ita za a sake bi, a gaggauce. Aikin da aka shirya a tsanake daban ne.

Ban ce ka sa hannu gobe ba. Ka je ka titsiye likitan kamar yadda ka saba titsiye shugabannin makarantu: mene ne haɗarin aikin, mene ne haɗarin barinsa, wane tanadi suka yi kada ruwan ya dawo? In bai gamsar da kai ba, ka nemi ra'ayin wani likitan.

Ita ma auta ta wuce gona da iri. Ba a jinyar uba da rushe gida. Sai dai faɗa ba zai tashe ta ba, tunda jininka ce. Ka ba ta ranar da za ku je tare, da sharaɗin a daren nan ta kwana wajen 'ya'yanta. Ta riga ta rasa uwa, Baba, kai kaɗai ka rage mata.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya zukatanku.