Tabon da ke Girar Mahaifiyarki

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya fama da marasa lafiya a asibitin naku? Mu nan lafiya lau, sai gwiwa, ita kuwa mun saba. Na san za ki ce me ya hana ni kiran ki a waya. Kunnena ba ya kama rabin abin da ake faɗa a cikinta, kuma maganar da zan yi miki ba ta barin iska ta kwashe ba ce. 'Yarki, wato Amaryata ta wasa, ita ke riƙe da biro. Na gargaɗe ta ta rubuta yadda na faɗa, ban da gyara.

Kin san sana'ar da ta ɗauka tun da ta gama makaranta, wadda na sha kawo miki ƙara a kanta. Ta cika min ɗakin baya da kawunan 'yan tsana na roba, an soke su a sanduna, babu gashi, babu ido. Sai ta ɗauki auduga da maganin goge jan farce ta shafe fuskar da kamfani ya yi musu tas, ta goge da samfefa, ta sake sassaƙa baki da hanci, ta zana sabuwar fuska da alli mai launi da buroshi mai siririn baki. Wai akwai manyan mutane masu furfura da ke tara su a kabad na gilashi, suna rububin nata. Ni dai kullum na wuce ƙofar sai in yi a'uziyya in ce mata: yarinya, kin yi karatu don ki zama wanzamin roba?

To jiya Allah ya kama ni da bakina! Na shiga neman almakashina, sai ga wani kai a bakin taga, ta riga ta shafe shi, rana ta sauko masa ta gefe. Goshi mai faɗi. Haɓa 'yar ƙarama mai ɗan tsini. 'Yata, sai da na dafa bango. Mahaifiyarki! Na ƙwala kiran Amarya har ta zubar da ruwan wanke buroshi, ta zaci faɗuwa na yi.

Kin sha tambayata kamanninta tun kina ƙarama, ni kuma ba ni da abin nuna miki. Hoto ɗaya muka taɓa ɗauka, ruwan da ya shiga tsohon gidanmu ya cinye shi kafin ki yi wayo. Sai in ce miki kyakkyawa ce, ki yi shiru ki tafi. Wannan shirun naki yana nan a ƙirjina. Kuma bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba: kwanan nan abubuwa sun fara zame min. Ni da na yi shekaru ina jan bas a garin nan, na san kowane rami da sunansa, ran nan na tsaya a mararraba na rasa ta inda ake bi zuwa tsohuwar tasha. Idan titi ya tafi, ya tafi. Amma fuskarta ba a ajiye take a ko'ina ba sai a kaina.

Saboda haka na ce wa Amarya kan nan nawa ne. Ta ce tsohon ƙira ne, an daina yin irinsa, da ƙyar ta samo shi, kuma akwai wadda ta riga ta nuna tana so. Na ce ta gaya wa waccan ta nemi wani tsohon ta yi gardama da shi. Ni zan riƙa faɗa, ita za ta riƙa yi, har mahaifiyarki ta fito. Ta ce in na cika surutu za ta yi min fuskar da za ta hana ni barci. Ki rubuta har wannan, na ce mata, uwarki ta ga irin matar da na aura.

Kada ki nemi ta turo miki hoto, na hana. Da idonki za ki zo ki gani. Kuma kada ki gaya wa Innarki, ƙanwar mahaifiyarki, don kin san bakinta.

Ki gai da kowa da kowa.

Mahaifinki,
Tsohon Direba


Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya gida, ya yara, ya jikin ƙaramin da aka ce yana tari? Allah ya ƙara sauƙi. Za ki ga rubutu ya canja. Tela maƙwabcina ne ke rubuta wannan, don ni da Amarya ba ma ga-maciji tun shekaranjiya.

Amma bari in fara da daɗin. 'Yata, aikin nan ashe aiki ne! Sai ta tsoma kan a ruwan zafi har robar ta yi laushi, sannan ta sa 'yar aska ta ɗan buɗe leɓe, ta rage ƙashin hanci kaɗan-kaɗan, ina tsaye a kanta ina cewa ƙara, ƙara, tsaya! Ta goga allin a takarda ya zama gari, ta riƙa ɗora shi a fata, ta fita tsakar gida da takunkumi a hanci ta fesa maganin da ke kama launi, a jira ya bushe, a sake wani. Launin fatar kaɗai sai da muka shafe muka sake, muka shafe muka sake, don na farko ya yi ja, na biyu kuma ya fito kamar mai zazzaɓi. Gashi kuwa da allura mai tsagaggen baki take dasa shi, tsiri-tsiri, rami bayan rami. Har ni ta bari na dasa na ƙeya, inda ta ce ko na ɓata ba mai gani. Na soke yatsana, ban damu ba. Ranar da ta sa ido, ta ɗiga ɗan farin nan a cikin baƙin, na fita na zagaya layinmu ba takalmi, Tela shaida ne.

Abu ɗaya ya rage. Mahaifiyarki tana da ɗan tabo da ya raba girarta biyu, siriri kamar zare, gashi ba ya tsirowa a wurin. Shi ne abin da na fara gani a fuskarta. In babu shi, wannan kyakkyawar mace ce kawai, ba ita ba. Na nuna wa Amarya girar hagu na ce nan za ki tsaga.

Ana cikin haka sai ga Innarki. Ban san wa ya gaya mata ba, amma ina zargin wadda nake aika wa wasiƙa. Ta shigo tana cewa ina tsohon da ya koma wasan 'yar tsana, ko a saya masa zane ya goya ta? Tana ganin kan sai bakin ya mutu. Ta zauna a kan kwalin kaya ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe. Na ce yau dai na ga abin da ya kashe bakin matar nan. Ashe hutawa take yi.

Tana ɗagowa ta ga inda yatsana yake, ta ce me nake nunawa a nan? Tabon a girar dama yake. Na ce hagu. Ta ce dama. Na ce ni na aure ta. Ta ce ita ta yi tabon da hannunta, da murfin kwano, suna yara suna faɗa a kan tsintsiya, ita aka yi wa dukan, ta ya za ta manta? Na ce mai jifa ba ta tsayawa duba inda ya sauka, gudu take yi. Ta ce mutumin da ya ɓata a hanyar tasha ne zai koya mata fuskar yayarta? Wannan ta shige ni, 'yata. Ko wa ya kai mata wannan labarin, Allah ya gani.

Sai Amarya ta mayar da askar cikin akwati ta rufe. Ta ce launi in an yi kuskure ana shafewa, amma abin da aka yanke daga roba ba ya dawowa, ciko kuma yana nunawa, ga shi babu wani kai irin wannan. Ba za ta tsaga ba sai mun zama baki ɗaya. Ta gwada mana da fensir. Ta ja a hagu, na ce ga ta nan, Innarki ta ce ba ta san wannan matar ba. Ta goge ta ja a dama, Innarki ta fashe da kuka, ni kuwa baƙuwa na gani.

Ki ji ni da kyau. Ina rufe ido ina ganin fuskar nan kamar yanzu, tabon yana inda na ce. In na yarda da Innarki, to na yarda ke nan ita ma fuskar ta zame min, kuma abin da zan miƙa miki ƙarya ne. Gobe Amarya za ta kai saƙon masu saye wajen 'yan aike. Na ga yadda ake dafa ruwan, na ga yadda ake riƙe askar. Hannun da ya riƙe sitiyari shekara da shekaru ba zai kasa jan layi ɗaya ba. Tela yana girgiza kai, na ce masa rubutu aka sa shi.

Ki gai da maigidanki.

Mahaifinki,
Tsohon Direba


Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ki, ina gai da yara, ina fatan kowa lafiya, sauran gaisuwar sai kin zo, don labari na cin raina! Amarya ta dawo bakin birona, mun shirya.

Washegarin waccan wasiƙar, da safe tana fita na dafa ruwana, na ɗauko wani lalataccen kai daga kwandon shara don in gwada hannu. Askar ta zame ta kwashe masa rabin goshi. Na ce wannan robar banza ce, a kan na gaske hannuna zai zauna. Na buɗe kabad, wayam! Ashe Tela, munafukin Allah, tun da daddare ya kai mata rahoto, ta sa kan a jaka ta fita da shi. Yanzu ina sa masa albarka, amma a lokacin da ya leƙo da ya ji abin da bai taɓa ji ba.

Da la'asar ta dawo tare da Innarki. Na ƙi kallon su. Na ja kujerata na juya musu baya, na fuskanci bango. A bangon nan akwai ɗan madubi da Amarya ke aiki da shi. Dabarar masu sana'ar nan ce: in ido ya saba da fuska ba ya ganin karkata, sai a nuna ta a madubi, nan take girar da ta fi 'yar'uwarta tsawo za ta tona kanta. To layin fensir yana nan a dama, inda Innarki ta ce. Amarya ta zo ta bayana, ta ɗaga kan ta saman kafaɗata don ta duba aikinta, ko kula ni ba ta yi ba.

Na ɗaga ido.

'Yata, ga ta nan! Ga ta a bayan kafaɗata, ido da gira a cikin ɗan gilashi, tabon daidai inda na san shi! Ban san sanda na ce "Ina za ki sauka?" ba, da ƙarfi, kamar ina kan sitiyari. Na juyo na kalli kan a hannun Amarya: baƙuwa. Na koma madubi: ita. Na juya, na koma, na juya, har Innarki ta ce a riƙe tsohon nan kada wuyansa ya cire.

Kin gane? Kafin in taɓa yi mata magana, kullum da safe bas ɗina take shiga zuwa masaƙar da take aiki, kuma kullum kujerar bayana take zama. Damina ta wuce, rani ya wuce, ban taɓa juyawa ba, kunya ta hana. A madubin mota na haddace ta. Da muka yi aure kuwa, ina fita ba ta gama farkawa ba, ina dawowa a gajiye, muna cewa akwai lokaci. Kina 'yar watanni ta tafi. Wadda ta zauna min a kai duk shekarun nan, ta cikin madubin ce, shi kuwa madubi dama yake mayarwa hagu.

Innarki ta ce to sai in buɗe baki in ce ta yi gaskiya. Na ce ban ga dalili ba, ni abin da na gani na faɗa, kuma ga shi kowa ya gani, ba abin da ya zame min. Ta ce shekara nawa yayarta ta sha kallo ta madubi kamar motar da ke son wucewa. Muka yi dariya har ta koma kuka, ni kuma garin allin nan ya shiga min ido.

An tsaga, a dama. Amarya ta tsoma kan a ruwan zafi, Innarki ta riƙe shi da hannu biyu, ta ce tunda ita ta yi na farko dole a yi na biyu a hannunta. Ja ɗaya, siriri kamar zare. Ni na riƙe numfashi kawai, shi ma aiki ne. Amarya ta bi shi da ɗan launi, ta fesa, ya bushe. Innarki ta yi mata irin kitson da take so, Amarya ta ɗora kan a gangar jikin 'yar tsana, Tela ya ɗinka riga don ya wanke laifinsa.

Na je wajen masu tsofaffin kayan mota na samo madubin bas, irin dogon nan, na kafa shi a bangon ɗakina. Ita kuma tana zaune a kan kantar katako a bayan kujerata. Amarya ta ce na mayar da ɗaki tasha, saura kwandasta.

Yanzu ki nemi hutu ki taho, kada ki ce sai ƙarshen shekara. In kin shigo, ki fara tsayawa a gabanta ki kalle ta ido da ido. Wannan ita ce taki, don a haka kika riƙa ganin ta kina kwance a hannunta kina miƙa yatsa wajen girar nan, ko da ba ki tuna ba. In kin ƙoshi da kallo, sai in tashi in ba ki kujerata, ki ɗaga kai ki ga tawa.

Ki yi sauri, muna jiran ki, mu duka.

Mahaifinki,
Tsohon Direba