Motar Mahauci Ta Ƙi Kawo Wuta

Litinin, 3 ga Maris

Mahauci, mijin ƙanwata Auta, ya sake kawo tsohuwar motarsa garejina. Karo na uku ke nan. Wai da safe sitatar motar na juyawa, inji shiru. Da ta zo hannuna kuwa, murɗa makulli ɗaya ta tashi, kamar mai yi min dariya. Na cire filogi na jingina a jikin inji, wuta shuɗiya tas. Batir lafiya lau. Ban gano komai ba. Na dai canza koyil don ya rabu da ni, na ce masa, "An gama, ba za ta ƙara ba."

Asabar, 8 ga Maris

Da kumburarren baki nake rubutun nan.

Da hantsi mahaucin ya faɗo gareji, ko sallama babu. Ina kwance ƙarƙashin wata mota ya finciko ni ta ƙafa. Kafin in miƙe ya sakar min naushi, haƙorina na gaba ya fita. Yana ta ihu, wai 'yarsu ta suma da zazzaɓi, mota ta ƙi tashi, a kafaɗa ya kai ta asibiti da gudu. "Da ta mutu, kai ka kashe ta!" Ya shaƙe ni, ya yi ta buga kaina da bango har na daina gani sosai. Hannuna ya faɗa kan babbar sifana. Na kai masa duka, ya tare da hannu, na ji ƙarar ƙashi. Na sake ɗagawa. Kansa na nufa, wallahi kansa. Mai walda na kusa da garejina ne ya rungume ni ta baya.

Lahadi, 9 ga Maris

An ce hannun ya karye wuri biyu. Shi ya ja wa kansa.

Talata, 11 ga Maris

Auta ta zo, ta ƙi zama. Yarinya ta farfaɗo, alhamdu lillahi. Ta ce, "Yaya, da hannun nan na dama yake yanka." Na ce ta dubi bakina. Ta ce, "Na gani. Amma ai kai ka ce masa an gama." Kofin da ke hannuna na wurga, ya tarwatse a bango dab da kanta. Ba ta yi kuka ba. Kallona kawai ta yi, ta fita.

Laraba, 12 ga Maris

Na sa an jawo motar. Ba don shi ba, so nake in san abin da ya ci min haƙori. Ta iso, na murɗa, ta tashi. Sau ashirin ina kashewa ina tayarwa. Na ɗauki guduma na farfasa fitilarta ta gaba.

Juma'a, 14 ga Maris

Yau ta ƙi! Ban taɓa murnar lalacewar mota ba sai yau. Filogi babu wuta ko ɗis. Na ɗora fitilar gwaji a kan koyil, ta kama, wato daga makulli ba matsala. Na buɗe distiributa mai raba wa filogi wuta, ciki tsaf. Sai na ce mai walda ya riƙa murɗa makulli, ni kuma ina motsa wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ina taɓa wata siririyar baƙa mai shiga distiributa, inji ya ɗauka. Na saki, ya mutu. Na yanka robar na duba: ta tsinke daga ciki, saura zare biyu, su haɗu yau su rabu gobe.

Daidai wurin da wani ƙarfen riƙe waya ya matse ta ne. Ni na ɗaure ƙarfen bara. Ban faɗa wa mai walda ba.

Litinin, 17 ga Maris

Na sa sabuwar waya, na kai motar ƙofar gidansu. Mahaucin ya fito da hannu rataye a wuya, ya rame. Na ce, "Waya ce." Ya ce, "To." Na miƙa masa makulli, sai na tuna ba shi da hannun sa giya, ga shi Auta ta leƙo tana cewa za a makara zuwa asibiti. Na zagaya na buɗe masa ƙofa. Dama ina so in gwada motar a hanya, shi ke nan.

A asibiti wata sabuwar ma'aikaciya ta tambaye shi me ya same shi. Ya ce faɗuwa ya yi. Ni dai ina ta kallon takalmana.

Alhamis ma zai koma. Ban ce zan zo ba. Na dai tambayi ƙarfe nawa.