Muryar Inna Ta Dawo

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Malumfashi lafiya lau, an fara yankan dawa.

Ka tuna waƙoƙin daka na marigayiya Inna da ka ɗauka da waya, ka zuba mini a kwamfuta? Ranar Juma'a Baba ya ce yana marmarin jin muryarta. Da na buɗe manhajar sauraron waƙa, sunayen waƙoƙin suna nan a jere, amma duk wadda na taɓa sai a ce ba a ga fayil ɗin ba. Baba ya ce, "Bar shi, Hadiza, haka Allah ya so." Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ni kuwa na kasa haƙura, na yi ta bincike. Ashe ranar da na kwashe hotunan biki zuwa filash, har da foldar waƙoƙin na haɗa ban sani ba. Na mayar da ita wurinta, na nuna wa manhajar inda take, duk suka dawo.

Da la'asar na kunna masa wadda Inna ta katse waƙa tana cewa, "Sani, kore mini awakin nan!" Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce in sake. Sau huɗu muka saurara.

Ka sa Inna a addu'a, mu ma kada ka manta da mu. A gaida Anti Rabi, a shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Hadiza