Inna Ta Koma Yarenta

Zuwa ga ƙanena Aku,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da 'yar jaririyar da har yau ban sa a ido ba. Mu nan sai godiya. Tun da aka karya ƙarafunan waya babu sabis, shi ya sa na koma biro da takarda kamar 'yar firamare. Direban motar agaji ne zai kawo maka, ya ce ya san otal ɗin da ake zaman sulhun.

Shi ya faɗa mini wai kai ne tafinta a wurin. Na yi dariya har da hawaye. Yaron da Baba ke ba alewa don ya yi shiru, yau shi manya ke jira ya buɗe baki.

Amma ba dariya ta sa na rubuto ba. Maganar Inna ce. Ka san tun rasuwar Baba hankalinta ke kai-kawo. To yanzu abin ya wuce nan. Inna ta manta yaren Baba ƙaf, yaren da ta tsufa tana ciniki da faɗa da shi a garin nan. Ta koma yarensu na ƙetaren gada, kuma da ƙarfi take yi, ka san muryarta. A unguwar nan kuwa duk wanda aka ji da wannan yaren, tasa ta ƙare. Mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, wanda ya koya maka ɗaura batir, daga cikin shagonsa aka jawo shi. Ba zan rubuta sauran ba.

Na mayar da ita ɗakin ƙurya inda muke tara tarkace, na jawo keken ɗinkina bakin ƙofar. Da ta fara sai in hau takawa, ko da babu zare a allura. Ƙafafuna sun kumbura. Ni ban zauna wurin Kaka kamar kai ba, yaren tsinta-tsinta nake ji. Uwata na yi mini magana, ni kuwa sai “to” da “haka ne”.

Dogo kuma, ɗan da na haifa, ya shiga cikin samarin da ke tsaron gada. Bindiga gare shi yanzu. Ya daina shiga gaishe ta. Sai ya tsaya a tsakar gida ya ce, “Umma, ki san yadda za ki yi da ita, kar ta jawo mana.”

Kai da kake zaune da manya, ka faɗa musu akwai irinmu. Ka gaida mutanen gida.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da tambayar jikin Inna, ina fatan Allah ya ƙara miki haƙuri. Takardarki ta iso ni. A bayan otal na karanta ta, inda ake shanya tawul, don ban so a ga fuskata.

Yaya, kin ɗauke ni da girman da ba ni da shi. Bari in kwatanta miki ɗakin. Dogon tebur ne da robobin ruwa a jere, da sanyin na'ura mai sa ciwon kai. Dangin Baba a dama, dangin Inna a hagu. Ni ina kan wata ƙaramar kujera a ƙarshe, kowane ɓangare na yi mini kallon ɗan ɗaya ɓangaren. Kwanakin farko duk sun tafi a kan wa zai fara shigowa ta ƙofa. Kafin in fara aiki an sa na yi rantsuwa ba zan ƙara ko kalma ɗaya tawa ba. In wannan ya zagi wancan, da bakina zagin ke fita. In wancan ya rama, nan ma ni ne. Jiya na zagi dangin Inna da safe, na zagi na Baba da yamma, aka ba ni shayi.

Amma akwai ɗan haske. Mai shiga tsakanin wata dattijuwa ce, tsohuwar alƙaliya daga wata ƙasa. Ta kawo shawarar a buɗe gada na yini guda, duk wanda rikici ya rutsa da shi a ɓangaren da ba nasa ba ya ƙetare lafiya. Ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. In abin ya tabbata, ina ganin a kai Inna can. Na san maganar da nauyi.

Na so in zo da kaina, amma hanyar da ke shiga garinmu motar agaji kaɗai ake bari, kuma ba sa ɗaukar fasinja. Na roƙi direban har ya ji kunyata.

Ki ce da Dogo in ji ni, matar nan da yake gudu ita ta goya shi lokacin da kike kwance da zazzaɓi. Ki shafa mini kan Inna.

Ƙanenki mai biyayya.

*

Aku,

Gaisuwa.

Da na karanta maganar kai Inna ƙetare, zaginka na yi. Na ce a kai ta wurin wa? Ƙauyensu an ƙone shi, Kawu, ɗan'uwanta, ba mu san ko yana raye ba. Ni kuma ba za a bar ni in bi ta ba, don a can ni 'yar Baba ce, kuma uwar ɗan bindiga. Na ce sai dai mu mutu tare a ɗakin tarkacen.

To shekaranjiya da safe na tafi layin ruwa, na bar ta tana barci. Ashe ban tura sakatar da kyau ba. Inna ta tashi, ta ɗaura ɗankwalinta tsaf, ta fita titi. Aku, gaisawa ta shiga yi da mutane. Ta gaida mai shagon kusa da mu, ta gaida masu zama a gindin bishiya, duk da yarensu, tana murmushi tana tambayar iyali. Mutanen da suka ci abincin hannunta suka sunkuyar da kai. Ba wanda ya amsa.

Mai gawayi ta ƙarshen layi ce ta yar da abin awonta, ta lulluɓe ta da mayafi, ta jawo ta gida tana ɗaga murya, “Tsohuwa ta rikice, surutai take yi, ku ba mu hanya!” Da na dawo na same su a tsakar gida, mai gawayi na kuka, Inna na share mata hawaye.

Kafin azahar an shafa jan fenti a ƙofarmu. Dogo ya zo ya kankare shi da wuƙa. Da ya gama sai ya zauna a ƙasa, ya ce, “Umma, na roƙi shugabanmu. Ya ce don ni za su ɗaga mana ƙafa zuwa ranar buɗe gada. In ba a buɗe ba, ba ruwansa.” Na faɗa masa saƙonka. Ya ce, “Ki ce wa Kawu Aku na sani. Da ban sani ba da tuni an gama.”

Yanzu ni da na zage ka, ni ce ke roƙonka. Yaushe za a buɗe? Ka ce musu su yi sauri. Na san ka yi rantsuwa, amma uwarka ce.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa. Allah ya saka wa mai gawayi da alheri, ki faɗa mata na gode.

Na yi abin da kika ce, kuma ban san ko gyara na yi ko ɓarna ba.

Sun amince da buɗe gadar, sai suka tsaya a kan sunan da za a sa wa abin. Dangin Baba suka ce a rubuta “komawa gida”. Dangin Inna suka ce in an rubuta haka an yarda ke nan mutanensu baƙi ne a garinmu, sai dai a rubuta “kora”. Aka kwana, aka wuni, aka sake kwana. Ni ke ɗaukar kalmar daga wannan baki in kai wancan, takardarki na cikin aljihuna.

Ran nan wakilin dangin Baba, wani mai zoben azurfa, ya ce a ɗage maganar sai bayan hutun mako. Maimakon in fassara, sai na ji bakina na cewa, “Ranku ya daɗe, uwata na can a kulle a ɗaki, an shafa mana fenti a ƙofa. Ku sa masa kowane suna, ku dai buɗe.” Na faɗa da yaren Baba, na sake faɗa da na Inna.

Sai mai zoben ya ce, “Ashe ɗansu ne.” Na ɗaya ɓangaren ya ce, “Namu? Ɗan yayarsa yana gadin gada da bindiga, mun sani.” Suka haɗu a kan abu ɗaya karon farko tun da aka fara zaman: a canja tafinta.

Alƙaliyar ta rako ni har bakin ƙofa. Ta riƙe hannuna ta ce, “Ɗana, da ni ce ma haka zan yi. Amma ba zan iya riƙe ka ba.” Yanzu ina zuwa kullum in zauna kan dakalin masu gadi, in tambayi masu kai ruwa abin da ake ciki. Ɗaya ya ce ya ji kamar an sa rana. In kin ji sanarwa a rediyo kada ki jira takardata. Ki sa mata rigar sanyi, ki rubuta sunana a ƙyalle ki ɗinke a jikin rigarta. Zan zagaya ta doguwar hanya in neme ta a can.

Ki yafe mini in na jawo jinkiri.

Ƙanenki.

*

Aku,

Ina gaisuwa. An buɗe, kuma na kai ta.

Ban san sunan da suka sa wa abin ba a ƙarshe, rediyo dai cewa ya yi “shirin nan”. Na yi mata wanka, na tsefe mata kai na kitse, na sa mata shuɗiyar rigar da Baba ya fi so. Mai gawayi ta ara mana baro, don ƙafar Inna ba ta kai gada. Ni na tura ta. Duk layinmu an rufe ƙofofi, amma ina ganin idanu ta tagogi.

Ban san mutanen da ke ɓoye a garin nan sun kai haka ba. Tsofaffi, mata da goyo, malamin lissafinku na sakandare da jakarsa ɗaya. Wasu daga cikin rufin ɗaki aka sauko da su, ko tsayuwa ba sa iyawa.

An ja igiya a bakin gadar. Daga nan sai masu ƙetarewa da ma'aikatan agaji. Dogo na tsaye a wajen igiyar cikin abokan gadinsa. Da muka iso ya kau da kai.

Wata ma'aikaciya ta yi wa Inna magana da yarensu. Aku, da ka ga fuskarta. Ta kama hannun yarinyar ta shiga zuba, tana dariya, kamar wadda aka buɗe wa famfo. Rabon da in ga haƙoranta tun Baba na da rai. Na ce, “Inna, ni ce, zan koma.” Ta dube ni da kyau, ta ce wani abu. Na tambayi yarinyar me ta ce. Sai ta ce, “Wai ta gode, baiwar Allah, ki gaida mutanen gidanku.”

Na tsaya riƙe da igiya har suka kai tsakiya, har na daina bambance shuɗiyar rigar. Ba ta waiwayo ba. Na turo baron ba kowa a ciki na mayar wa mai shi.

Gidan ya yi shiru da yawa. Na saba da taka keke, sai in tsinci ƙafata tana motsi ita kaɗai. Dogo bai dawo gida ba tun ranar, an ce an tura su gaba. Da yamma muna jin harbi daga wajen kogi, wai shirin na yini guda ne dama.

Ka neme ta. In ka same ta ka gaya mini gaskiya, kar ka yi mini irin fassararku ta otal.

Yayarka.

*

Yaya,

Gaisuwa. Na same ta. Tana wani sansani a filin makaranta, tanti ɗaya da wasu mata. Tana ci, tana barci, tana hira. Kawu ya rasu tun farkon rikicin.

Ba ta gane ni ba, amma ta yarda in zauna kusa da ita. An tashi daga zaman sulhun ba a sa hannu ba, an kuma rufe gadar da buhunan yashi. An ce mini tunda an gan ni a nan, kada in yi tunanin shiga garinmu.

Jiya ta tambaye ni ko tana da 'ya'ya. Na ce biyu, ga ɗaya a gabanki. Ta ce, “To ina ɗayan?” Na ce mata ke, Yaya, kina hanya.

Yau tun da safe ta sa aka matsar da tabarmarta, ta bar wuri a gefenta. Ta hana kowa zama.

Ƙanenki.