Ƙofar Sito Ta Kalli Yamma

Malam mai filin shawarwari,

Don Allah ka taimake ni, raina ya ɓaci, ko abinci ba na jin daɗinsa. Ni magini ne a Gusau. Bara wani kamfanin sayen gyaɗa ya ba ni kwangilar gina sito a Bunguɗu, kwangilata ta farko da sunana. A takardar zanen ginin, ƙofa gabas take kallo. To, wane magini ne a ƙasar nan ke buɗe ƙofar sito gabas, inda ruwan damina ke bugowa? Mai duba aikin kamfanin, Baba Jibo, ya zo ya gani, ya ce in juya ta yamma. Da baki ya faɗa, muna tsaye a rana, gaban Bawa shugaban leburorina.

Malam, Baba Jibo aminin mahaifina ne. Shi ya yi mini huɗuba ran da aka haife ni. Ta yaya zan buɗe baki in ce ya rubuta mini? Ai kamar na ce masa maƙaryaci ne. Na juya ƙofa, na ƙara bulo da siminti daga aljihuna.

Yanzu an mayar da shi Tsafe, an kawo wani Bature. Ya ce aiki ya saɓa wa zane, in rushe bangon in mayar da ƙofa, in ba haka ba a cire sunana daga masu samun kwangila. Na ce umarni aka ba ni, ya ce in kawo takarda. Na aika wa Baba Jibo har sau biyu, shiru. An ce tsoro yake ji, saura masa shekara guda ya bar aiki. Wallahi ban ƙi shi ba, amma zuciyata ta yi baƙi. In kai ƙararsa, ko in haɗiye?

Magini Mai Damuwa, Damba

Amsa:

Ya kai magini, na tausaya maka. Gaskiyarka ce game da ruwan gabas, amma Baturen ma bai zalunce ka ba. Bai ji maganar ba, zane kawai ya tarar.

Daina aike. Hau mota ka tafi Tsafe da kanka, ka gaishe shi gaisuwar ɗa da uba, ka roƙe shi layi biyu da sa hannunsa. Ka sa Bawa ya faɗi abin da ya ji, magatakarda ya rubuta, Bawa ya dangwala yatsa. Ka haɗa da lissafin abin da ka ƙara, ka kai ofis.

Nan gaba, ko wa ya sauya maka aiki, kai ka rubuta abin da ya ce a ranar, ka aika masa ya sa hannu kafin ka ɗora bulo ɗaya. Wannan ba rashin kunya ba ne, shi ma kare shi ka yi.

Ba zan ɓoye maka ba, mai yiwuwa tsohon ya ƙi. In ya ƙi, kada ka tozarta shi. Rushe bangon, sunanka ya fi bango tsada. Amma kafin ka buɗe ƙofar gabas, rubuta wa kamfanin cewa gyaɗarsu za ta jiƙe ta ruɓe da damina, su sa hannu, ka ajiye kwafi a akwatinka.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya tsare maka sunanka.