Alamar Fam a Jarrabawar Lissafi

Zuwa ga Yaya Sharfaddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Fulera da yara, da kuma fama da ruwan Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Hajiya ta samu sauƙin ƙafar, har ta je Rurum biki. Ni ce dai ba lafiya ba, ciwon kuma a zuciya yake.

Ka san bana ni aka ba fitar da tambayoyin lissafi na jarrabawar haɗin gwiwar makarantunmu na Rano da Kibiya. Sati uku na yi a kansu, na rubuta da hannuna, na kai wa Murtala ɗan Kawu Shitu ya buga a kwamfuta, tunda shi ke buga takardun makarantarmu. A wajensa na duba, komai daidai. Ya zuba a filash, aka kai Kibiya aka gurza kwafi ɗari shida. Ranar jarrabawa, duk inda na sa alamar ≤, wato "ƙasa da ko daidai da", sai ga alamar fam ɗin Ingila, £, ta yi zaune. Tambaya bakwai suka lalace, aka soke takardar. Yanzu ko kasuwa na shiga sai na ji yara suna raɗa "Malama Fam".

Da kuskuren ne kaɗai, wallahi da na haɗiye. Amma a taron malamai Murtala ya miƙe ya ce abin da na ba shi ya buga, wai mace mai girki da goyo ba ta da natsuwar fitar da jarrabawa. Aka yi dariya, Yaya. Shugaban makaranta ya ba ni takardar tuhuma, ranar Alhamis kwamiti zai yanke ko a raba ni da ajin ƙarshe.

Jiya na kai filashin wajen Malama Saratu, mai koyar da kwamfuta a Kibiya. Ta ce kowace alama tana da lambarta da kwamfutocin duniya suka yarda da ita, ta ≤ ita ce 2264. A manhajar buga takardu sai ka rubuta lambar, ka danna maɓallan Alt da X tare, alamar ta fito, kuma ko ina aka kai takardar ba ta canzawa. Shi gwanin namu bai sa ta ba. Ya ɗauko ta ne daga wani tsohon salon rubutu da ke ɗora hoton ≤ a kan gurbin £. Kwamfutar Kibiya ba ta da salon, sai ta nuna abin da ke ƙasa, wato £. Saratu ta gwada a gabana sau uku, ina kallo ina jin sanyi a raina.

To ranar Alhamis zan shiga da takardar hannuna da filashin Murtala da kwamfutar Saratu. Ba zan ɗaga murya ba. Zan roƙi kwamiti a ba shi kujera ya buga alamar nan guda ɗaya a gaban duk waɗanda suka yi dariya. Ina so in ga gumin goshinsa, na faɗa maka gaskiya.

Murtala ya ji labari, don tun safe Kawu ya aiko wai in rufa wa ɗan'uwa asiri, in ce laifin injin ne. Na san kai zai kira gaba, shi ya sa na riga shi. Kada ka ba ni haƙuri, wannan karon ba zan ji maganarka ba.

Ka gaida Anti Fulera da Amiru da Halima Sadiya. Hajiya tana sa muku albarka. Idan Kawu ya kira, ka gaishe shi da ladabi, ka ce masa ɗansa yana da kwana uku ya koyi lamba huɗu.

Ƙanwarka,
Nuriyya